Gwaggo Leƙe da Kwamfutar da Ba Ta Son Shiru

Gwaggo Leƙe tana da sa ido, kuma ba ta taɓa ɓoyewa ba. In aka ce mata, "Gwaggo, ina ruwanki?" sai ta gyara zama ta ce, "Babu ruwana, shi ya sa nake tambaya. Da akwai ruwana ai da tuni na sani." Ba ta raɗa, ba ta laɓewa bayan ƙofa. Ido da ido take tambayar mutum abin da ya ƙunso a jaka, kuma ta tsaya sai ta ji amsa.

Tana 'yar shekara tara aka laƙaba mata sunan. Mahaifinta ma'aikacin gidan waya ne, yakan biyo gida cin abincin rana da jakar wasiƙu a kafaɗa. Kafin ya wanke hannu ta zazzage jakar, tana ɗaga ambulan ɗaya bayan ɗaya ga hasken taga. Ba ta taɓa farke ko guda ba, wannan kam an shaide ta. Da ta gama sakandare ta sami aiki a wani otal, ita ce mai haɗa wa baƙi waya. Ta yi shekara huɗu tana sauraron kowa ba wanda ya gane, sai ranar da wani baƙo yake gaya wa matarsa jirgin ƙasa ƙarfe huɗu zai tashi. Ta kasa daurewa, ta sa baki a tsakiyar maganarsu ta ce, "Uku da rabi ne, ranka ya daɗe." Mutumin ya sami jirginsa, amma sai da ya tsaya ya kai ƙararta kafin ya tafi.

Ta auri mai gyaran agogo, mutumin da in ya yi magana uku a yini 'ya'yansa sukan tambaya ko lafiya. Dangi sun ce auren ba zai kai wata shida ba. Ya haura shekara talatin da takwas, da 'ya'ya huɗu. Shi yana leƙa cikin agogo, ita tana leƙa cikin mutane, ba mai shiga aikin wani.

Aikin da ta daɗe a kai shi ne na wani kamfanin aika kaya, a ƙaramin reshensu da ke kusurwar tashar mota. Ɗaki ne dogo, matsattse. Sikeli a bakin ƙofa, da wani dattijo mai awo da ke gyangyaɗi a gefensa. Kanta guda mai taga biyu, a baya shelf-shelf na ƙarfe masu lamba inda ake jera kaya, a sama fanka mai ƙara kamar tana tauna tsakuwa. Daga can ƙurya an yanka wa Manaja ɗan ofis da katako. Mota biyu ke kwasar kaya a rana, ta ƙarfe tara da ta biyu da rabi, kuma doka ce kaya ba ya hawa mota sai da takarda mai lamba. Lambar ba a reshen ake ƙirƙira ta ba. Daga rumbun bayanan kamfani take zuwa, can hedikwata, a wani gari mai nisa. Ka cike fom a kwamfuta, ka danna, saƙo ya tafi, lamba ta dawo, firinta ta fitar da takarda.

Da aka fara kawo kwamfutar Gwaggo ta tsane ta. Ta ce akwatin da ba ya gaisuwa ba abokin zama ba ne. Sai wata rana ta gano ɗan gurbin bincike a saman fuskar, ta kuma gano cewa duk kayan da aka aika ta kamfanin, daga kowane reshe zuwa kowane reshe, in ta rubuta suna zai fito: wa ya aika, wa aka aika wa, nauyinsa nawa, wa ya sa hannu ya karɓa. A ranar ta ce ta yafe wa zamani duk abin da ya yi mata.

Tun daga nan hannunta bai ƙara hutawa ba. Ko babu kowa a taga, tana duba ko firjin da wani ya aika wa surukarsa ya isa, ko me ya sa likitan haƙorin bayan tasha yake karɓar kwali mai nauyin kilo tara duk sati. Abin da ya fi tsaya mata a rai shi ne wani keken ɗinki. Mai askin da ke tsallaken titi ne ya aika wa wata mata a reshe mafi nisa, sabo fil a kwalinsa. Wata huɗu keken yana can ba ta zo ta ɗauka ba, shi kuma bai ce a dawo masa da abinsa ba. Gwaggo ta tambaye shi sau uku, ya ce mata "Allah ya ba mu alheri" sau uku. Saboda haka take duba keken nan kamar mai jinya, ba ta minti goma ba ta leƙa shi ba. Manaja ya taɓa ba ta takardar gargaɗi har sau biyu a kan wannan hali, ya ce ta uku ta sallama ce. Ta karɓa da hannu biyu, ta yi godiya, ta ci gaba. Shi kuma bai sake fitowa daga bayan katakonsa ya duba ba.

A ɗaya tagar akwai Malam Daidai. Shekararsa goma sha tara a wurin. Mutum ne da ke goge hankicinsa da dutsen guga, kuma da zarar ya sallami mai kaya sai ya shimfiɗa wani farin ƙyalle a kan madannan kwamfuta, ya naɗe hannu, ba zai sake taɓa ta ba sai wani ya zo. Yana da ɗan littafi tun kafin zuwan kwamfuta, inda yake rubuta lokacin da kowane mai kaya ya zo da lokacin da ya tafi, har minti. Ba wanda ya sa shi. 'Ya'yansa biyar, babbar tana makarantar koyon jinya, kuma albashin nan kaɗai ke riƙe da gidan.

To a kan wannan bawan Allah masifar ta sauka. Wata uku ke nan kwamfutarsa ta ɗauki wani sabon salo. Da safe, lokacin cunkoso, lafiya lau. Da rana ta yi, in mutum ya zo, Malam ya ɗage ƙyalle ya cike fom tsaf ya danna, sai wani ɗan zobe ya fito yana juyawa. Ya yi ta juyawa har minti biyu, sannan ta ce ba ta sami hedikwata ba, ta watsar da duk abin da ya rubuta. Sai ya fita ya sake shiga, ya sake sa lambar sirri, ya sake tambayar mai kaya sunansa. Ta Gwaggo kuwa, da ke nesa da tasa da taku ɗaya, ko tari ba ta taɓa yi ba.

An kira hedikwata. Injiniyarsu ta shiga kwamfutar daga can, ta danna sau goma a jere, komai ya tafi kamar ruwa, ta ce ba ta ga matsala ba. An canza waya. An canza kwamfutar ɗungurungum. Daga ƙarshe Manaja ya yi abin da yake gani dabara ce, ya ce su yi musayar kujera. Gwaggo ta koma taga ta biyu, kwamfutar ta warke nan take. Malam ya koma taga ta ɗaya, kafin la'asar zobe ya fito.

"To ka gani," in ji Manaja. "Ba na'ura ba ce. Kai ne."

"Me nake yi mata, ranka ya daɗe?"

"Ni na sani? Wani abu dai kake dannawa."

Mai awo ya buɗe ido ɗaya ya ce akwai masu irin wannan hannun, ƙanin matarsa ko rediyo ya taɓa sai ta mutu. Malam ya juya ga tagarsa. Ya ɗauki jan biro ya sa alama a littafinsa, kamar yadda yake yi duk lokacin da abin ya faru.

Ranar wata Litinin, ƙarfe biyu da kwata, wata mai kiwon kaji ta shigo da kwali huɗu na 'yan tsaki, hamsin-hamsin, ƙyanƙyasar ranar, tana cewa dole su bi motar biyu da rabi don ba sa jure jira. Gwaggo ba ta kan kujerarta. Tana waje jikin mota tana tambayar direba inda ya sami sabon haƙorin azurfa da kuma wanda ya ba shi shawara. Malam ya cike fom ya danna. Zobe. Ya sake shiga cikin gaggawa, ya kuskure lambar sirri, abin da bai taɓa yi ba. Direba ya gama ba da labarin haƙorinsa, ya duba agogo, ya yi ham sau biyu ya ja mota.

Matar ta ɗaga murya har masu sayar da tikiti suka leƙo. Cikin fushi ta sunkuci kwalayenta za ta kai wani kamfani, ashe na ƙasan ya jiƙe, gindinsa ya zube. 'Yan tsaki hamsin suka watsu a ofis. Wasu ƙarƙashin kanta, wasu bayan shelf, ɗaya ya hau sikeli ya tsaya kamar ya zo awo. Manaja ya fito da gudu ya koma da gudu. Malam Daidai yana rarrafe da gwiwa, yana ɗaukarsu ɗaya-ɗaya cikin hularsa yana ba su haƙuri. Gwaggo ta shigo ta tarar da wannan biki, dariya ta kama ta har ta zauna daɓas a kan buhun wani, ta ji ƙaras a ƙarƙashinta. Tabaraunta ne, da ta cusa a aljihun baya na rigar aiki.

An tattara arba'in da tara. Na hamsin ɗin ana jin kukansa a wani wuri bayan shelf, ba a ganinsa.

Da yamma Manaja ya kira Malam, ya miƙa masa takarda. Injiniya za ta zo da kanta ranar Alhamis ta yi dubawar ƙarshe. In ba ta sami laifin na'ura ba, Juma'a Malam ya ajiye makulli. Malam ya ninke takardar gida huɗu daidai, ya sa a aljihu, ya koma ya rufe kwamfutarsa da ƙyalle.

Talata Gwaggo ta zo aiki ba ido. Mai tabarau ya ce sabon sai bayan kwana huɗu. Ba ta ganin rubutun kwamfuta sai dishi-dishi, don haka in mai kaya ya zo sai ta ari na mai awo, shi kuma da ta gama yake miƙo hannu, wai da shi yake karanta sikeli.

"Kai da barci kake yi, me za ka karanta?"

"Ko a mafarki ina son in ga abu sosai, Gwaggo. Miƙo."

Haka ta zauna bayan cunkoson safe, hannu a cinya, keken ɗinki yana can ba mai duba shi. Ta ƙirga ramukan silin. Ta tambayi Malam ko matarsa ta daina fushi da ƙanwarta, ya ce bai san sun yi faɗa ba. Wajen ɗaya saura wani ya kawo tayar babur. Ta ari tabarau, ta cike fom, ta danna. Zobe ya fito yana juyawa.

Ta dubi kwamfutar, ta dubi bayanta ko da wani ake. "Ni? Ni za ki yi wa haka? Shekara nawa muna tare?"

"Sannu da zuwa, Gwaggo," in ji Malam a hankali. Wannan ne karo na farko da aka ji ya yi ba'a a ofishin.

Kafin a tashi ta yi mata sau biyu. Ta koma gida tana sababi tun daga ƙofa, ta zayyana wa maigidanta komai yana zaune da ɗan madubinsa a ido, ya sunkuya kan wani agogo. Ta ce na'urar ta ga ba ta da tabarau ne ta raina ta. Ta ce ko ciwon Malam ne ya kama ta. Sai da ta yi shiru don ta sha ruwa ya sami wurin sa baki.

"Akwai agogon da motsin hannu ne abincinsa," ya ce. "Mai yawan motsi, nasa ba ya tsayawa. Mai ajiyewa a akwati, kullum yana kawo min gyara. Kuma lafiyarsa ƙalau."

Ya koma kan aikinsa, ya gama maganar sati. Gwaggo ta tsaya da kofi a hannu, ruwan bai kai bakinta ba.

Laraba tun kafin a buɗe taga ta tare Malam. "Ƙanena, kawo littafin nan naka."

"Na me, Gwaggo?"

"Yau dai sa idona zai yi maka rana. Kawo. A'a, riƙe, kai za ka karanta, ni makauniya ce."

Ta sa shi ya bi jan alama ɗaya bayan ɗaya, duk inda ya samu ya gaya mata minti nawa ne tsakanin mai kayan da ya tafi da wanda ya zo. Talatin da biyar. Awa ɗaya da kwata. Ashirin da shida. Ashirin da biyu. Sannan ta ce ya duba inda babu alama. Minti huɗu, tara, sha biyu, sha takwas, sha tara. A cikin wata uku babu jan alama ko ɗaya a ƙasa da minti ashirin, kuma babu shirun da ya wuce ashirin da ya tsira.

"Ba hannunka ba ne," ta ce. "Ƙyallenka ne. Kai kana barinta ta yi shiru, ni ba na bari. Shi ke nan!"

Ta ciro agogon ƙararrawa da ta ɗauko daga teburin maigidanta, ta dasa a kan kanta. Bayan motar tara ta tafi suka gwada. Minti sha biyar, lafiya. Suka sake, wannan karon ashirin da biyu, kuma don kada hannunta ya ci amanarta sai ta zauna a kansa. Da ƙararrawa ta kaɗa ta danna, zobe ya fito. Gwaggo ta miƙe ta yi juyi a tsakiyar ofis, mace mai shekara sittin ba kaɗan, tana tafi tana yi wa zoben kirari. Mai awo ya farka a firgice ya tambaya ko 'yan tsakin ne suka dawo.

Malam kuwa bai yi dariya ba. Ya rufe littafinsa ya ce, "Gwaggo, in kika faɗi wannan, za a tambaye ki me kike dannawa duk bayan minti goma. Takardarki biyu. Saura wata bakwai ki yi ritaya."

"To?"

"Ki bari kawai in riƙa taɓa tawa a ɓoye. Ba sai an sani ba."

"Ka taɓa ta a ɓoye, injiniya ta zo gobe ta ce na'ura lafiya, jibi su karɓi makulli. Kana da hankali kuwa? Kuma wa ya ce maka ɓoyewa nake yi? Manaja ne bai sake tambaya ba."

Alhamis injiniya ta iso da jakar goyo da robar ruwa, mace mai kimanin shekara talatin da biyar, da alamar ta gaji da reshen nan tun kafin ta shigo. Ta gaisa, ta ja kujerar Malam, ta ɗage ƙyalle ta fara dannawa. Komai na tafiya.

"Kun gani ko? Ni duk lokacin da na..."

"Cire hannunki, 'yata," in ji Gwaggo.

"Na'am, Mama?"

"Cire hannunki ki ɗora a cinya. Ciwon ba ya fitowa sai an ƙyale shi. Ke kuma tunda kika fara dubawa daga can ba ki taɓa ƙyale shi ba."

Manaja ya fara cewa Gwaggo ta koma tagarta, amma injiniya ta dubi agogon ƙararrawa, ta dubi littafin da Malam ya buɗe mata, ta bi jan alamomin da yatsa, sai ta janye hannunta a hankali. Aka saita minti ashirin da biyu. Mutum biyar suka zuba wa kwamfuta ido, ba abin da ake ji sai fanka da ɗan tsakon nan na bayan shelf. Gwaggo ta daure minti uku. Da yake an hana ta tambayar na'ura, sai ta juya kan baƙuwa. Kafin ƙararrawa ta kaɗa ta san cewa injiniya 'ya ta uku ce a gidansu, mijinta malamin lissafi ne, ba ta shiri da yayarsa, kuma zoben hannunta ba na aure ba ne, na kakarta ne.

Ƙararrawa ta kaɗa. Injiniya ta cike fom da hannunta, ta danna. Zobe ya fito, ya yi ta juyawa a gaban Manaja.

Injiniya ta kifa kai a kan kanta tana dariya har kafaɗunta na rawa. Da ta ɗago ta ciro waya ta kira wani a hedikwata, suka yi magana da yarensu na aiki, ta ajiye, sannan ta yi musu bayani.

"Wata uku da suka wuce an sa sabuwar na'urar tsaro a ƙofar hedikwata. Ku ɗauke ta kamar mai gadi mai littafi. Da safe kwamfutarku ta buɗe layi zuwa rumbun bayanai, ya rubuta cewa wannan layin na gida ne. In layin ya yi minti ashirin ba a ce komai a kansa ba, sai ya soke shi daga littafi. Kuma ba ya gaya wa kowa. Kwamfutarku tana nan tana zaton layi a buɗe yake, ta aika saƙo, mai gadi ya duba bai ga sunanta ba, ya jefar. Ita kuma ta zauna jiran amsa. Wannan zoben, jira ne."

"Mara kunya," in ji Gwaggo. "Ko sallama babu."

"Manyan rassa ba sa samun shirun minti ashirin, shi ya sa ba su gani ba. Ƙananan rassa huɗu ne ke ta kuka, mu kuma muna cewa ma'aikata ne." Ta juya ga Malam. "Baba, ka yi haƙuri. Ba abin da ka yi."

Malam ya ciro gogaggen hankicinsa, ya dube shi, ya mayar ba tare da ya ɓata shi ba.

Manaja dai ba wawa ba ne. Ya ce, "Tsaya. To ita me ya sa tata ba ta taɓa yi ba?"

"Sa ido, Manaja," in ji Gwaggo. "Kullum. Tun ranar da ka ba ni takarda ta biyu ban fasa ko yini ɗaya ba."

Injiniya ta buɗo bayanan abin da kowace taga ta tambaya, ta juyo da fuskar kwamfutar. Taga ta Gwaggo, bincike saba'in da ɗaya ranar Alhamis da ta wuce, talatin daga ciki a kan keken ɗinki guda. Manaja ya karanta, wuyansa ya kumbura, ya shige ofis, aka ji yana jan aljihun tebur da ƙarfi yana neman takarda.

Gaskiyar magana, Manaja yana da hujja. Kayan mutane ba abin kallon Gwaggo ba ne, kuma ba don ceton kowa take leƙawa ba, don jin daɗinta take yi. Injiniya ma ta faɗa mata haka a gaban kowa. Amma ta leƙa ofishin katako ta ce rahotonta zai nuna cewa ma'aikatan reshen nan biyu ne suka gano abin da ya gagari hedikwata wata uku, da littafi da agogon ƙararrawa, kuma in yana so ya aika takardar sallamar ɗayansu a rana ɗaya da rahoton, bismillah. Aka ji an rufe aljihun tebur. Jim kaɗan ya fito ya karɓi takardar da ya ba Malam, ya yaga ta biyu, bai dubi kowa ba.

Kafin ta tafi injiniya ta yi gyara biyu. Na farko, ta saita kwamfutocin su riƙa aika ɗan saƙo hedikwata duk minti biyar, ko da ba mai taɓa su, don mai gadi ya ga layin da rai.

"Me take cewa?" in ji Gwaggo.

"Ba komai, Mama. Kamar ta ce 'kana nan?' a ce mata 'ina nan.'"

"Shi ke nan? Ta yi tafiya har hedikwata ta dawo ba labari? An dai yi asarar tambaya."

Gyara na biyu shi ne ya yi mata ciwo. Daga ranar kowane ma'aikaci kayan da ya karɓa da hannunsa kaɗai zai iya dubawa. Sabon tabarau ya iso ranar Asabar, ya tarar ba abin kallo.

Ta yi wata bakwai ɗin nan kamar mai zaman gidan yari, ta rage kaifin abin a kan direbobi da masu kawo kaya. Ɗan tsakon ya fito da kansa a kwana na biyar, ya girma a kan ɓarɓashin burodin mai awo, ya zama kaza mai kwana a kan sikeli. Malam Daidai ya ci gaba da rufe kwamfutarsa da ƙyalle, zobe bai sake fitowa ba, 'yarsa ta gama makaranta.

Ranar ritayarta aka jera kujeru a gaban kanta, aka sha lemo. Kamfani ya ba ta kyautar agogon bango, ita da ke auren mai gyaran agogo, gidanta kowane bango da guda uku. Ta karɓa ta ce za ta ba shi ya duba ko na kirki ne. Kazar ma aka ce ta tafi da ita. Manaja ya yi jawabi ya kira ta uwa ga kowa, ta ce masa ya rage, ba mutuwa ta yi ba. Da aka ce ta faɗi abin da take so a yi mata, ba ta nemi a yafe mata komai ba. Ta saɓa kaza a hammata, ta juya ga Malam Daidai.

"Ƙanena, keken ɗinkin nan ta tagarka ya bi, kai kaɗai ke iya ganinsa yanzu. Na san ba halinka ba ne, ban kuma ce ka mayar da shi hali ba. Sau ɗaya a rana ya isa. Ka ɗage ƙyallen nan ka leƙa min shi. Ranar da aka ɗauka ka kira ni, ko ina wanka a miƙo min wayar. Kuma kada ka ce min 'an ɗauka' ka kashe. Ka duba wa ya sa hannu."